Kaname Harada: Matuƙin Jirgin Yaƙin da Ya Koma Tatsar Nono

Ko kana ruga ne, ko kana zaune a rumfar kasuwar kan iyaka kana jiran a gama duba takardun mota, barkanmu da sake saduwa. Kamar yadda aka saba, wannan takarda tana kawo maka abin da aka tattauna a filinmu na tarihin mutane, saboda wanda shirin ya wuce shi yana wajen kiwo ko yana kan hanya. In kana da maƙwabcin da bai iya karatun boko ba, don Allah ka karanta masa.

A wannan karo za mu yi nisa, har ƙasar Japan da ke can ƙarshen gabashin duniya. Za mu tuna da wani dattijo mai suna Kaname Harada, wanda ya mutu ran 3 ga Mayu, 2016, yana da shekara 99. A ƙuruciyarsa yana cikin gwanayen matuƙan jirgin yaƙi na ƙasarsa a Yaƙin Duniya na Biyu, ana lissafa masa harbo jirage har 19. Da aka gama yaƙi ya koma ƙauyensu ya kama noma da kiwon shanun tatsa.

Me ya sa muka ɗauko maka labarin mutumin da ba mu haɗa harshe ko addini da shi ba? Saboda tambayar da rayuwarsa ta amsa tana nan a ƙofar gidanmu. In mutum ya riƙe makami ya zubar da jini, daga baya ya ajiye ya koma sana'a, shin ya dawo gida ke nan? Kai ma ka san yankunanmu ba su rasa irin waɗannan mutane ba: sojan da ya dawo daga fagen fama, ɗan sa-kai, da yaron da ya shiga daji ya fito yana cewa ya tuba. To, bi mu a hankali.

Yaron ƙauye da ya shiga sojan ruwa

An haifi Harada ran 11 ga Agusta, 1916, a ƙauyen Asakawa cikin lardin Nagano. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, ba ta taɓa teku ta kowane gefe. Duk da haka sojan ruwa ya shiga a 1933, yana ɗan shekara 17 ko ƙasa da haka kaɗan. Daga baya ya nemi koyon tuƙin jirgin sama, ya gama a farkon 1937, shi ne na ɗaya a ajinsu.

A ƙarshen wannan shekara aka tura shi ƙasar Sin, inda Japan ta kai mamaya. A can ya fara ganin abin da ba a koya masa a makaranta ba: sojojin ƙasarsa suna kashe talakawan Sin da ba su ɗauke da makami, a kan zargin wai sojoji ne suka saje da farar hula. Bai daɗe ba aka mayar da shi gida yana koyar da sababbin matuƙa.

A 1941 aka kai shi wani jirgin ruwa mai suna Soryu. Bari mu yi maka bayanin irin wannan jirgi, don shi ne ginshiƙin yaƙin teku a lokacin. Jirgin ruwa ne wanda aka shimfiɗe samansa ya zama fili, tsawonsa ya haura mita 200. Yana dakon ƙananan jiragen sama wajen 60, daga kansa suke tashi, a kansa suke sauka. Ke nan in jirgin ruwan ya nutse alhali kana sama, ba ka da wurin sauka sai ruwa.

Jirgin da Harada yake tuƙawa shi ne wanda ake kira Zero, ƙirar kamfanin Mitsubishi. An ƙera shi mara nauyi don ya yi nisa da mai kaɗan, ya kuma juya da sauri. Amma don a rage nauyin, ba a sa masa ƙarfen da zai kare matuƙi daga harsashi ba. Kuma a yaƙin sama na wancan zamani, sai ka matsa kusa da abokin gaba sosai kafin bindigarka ta same shi. Riƙe wannan magana, za mu dawo kanta: kusancin ya kai har kana ganin fuskar wanda kake harbi.

Wata goma na wuta

Ran 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai harin ba-zata a sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, aka kashe Amurkawa fiye da 2,400. Soryu yana cikin jiragen da suka kai harin, sai dai shi Harada an bar shi ne yana shawagi yana gadin jiragen ruwansu. A lokacin ya ji haushin an hana shi zuwa. Bayan wata huɗu, ran 5 ga Afrilu, 1942, ya sami abin da yake nema a samaniyar Kolombo, a tsibirin da yau ake kira Siri Lanka, inda ya harbo jiragen Ingila.

Sai yaƙin Midway, ran 4 ga Yuni, 1942. A rana guda Amurka ta lalata wa Japan manyan jiragen dakon jirage guda huɗu: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu. Japanawa wajen 3,000 suka mutu. Harada ya harbo jiragen Amurka a wannan rana, amma da ya juyo sai ya tarar Soryu yana ci da wuta. Ya sauka a kan Hiryu, aka sake tura shi sama, shi ma Hiryu aka same shi. Da mai ya ƙare, ya saukar da jirginsa a kan ruwa, ya yi sa'o'i yana yawo a teku kafin wani ƙaramin jirgin yaƙi nasu ya tsamo shi.

Abin da ya gani a cikin wannan jirgi ya riƙa ba da labarinsa har tsufansa. Ga mutane kwance, wasu sun ƙone, wasu ba hannu ba ƙafa. Likita ya tsallake su ya nufo shi, shi da ba shi da wani babban rauni. Da ya nemi a fara duba waɗanda suka fi jin jiki, sai aka nuna masa cewa a fagen fama wanda zai iya komawa yaƙi ake fara dubawa. Ka ji fa. Kai da kake kwana a tsaye saboda maraƙi ɗaya ya ƙi shan nono, auna wannan. A nan ya gane cewa a idon masu yaƙin, shi da bindiga ɗaya suke: mai aiki a gyara, wadda ta lalace a ajiye gefe.

Ya kuma sha faɗa cewa samarin da ya ga suna mutuwa ba sunan sarkin Japan suke kira ba, kamar yadda ake gaya wa mutanen gida. Iyayensu mata suke kira.

Gwamnati ta ɓoye wa jama'a girman asarar Midway, aka killace waɗanda suka tsira don kada labari ya fita. Ba a daɗe ba aka mayar da Harada fage. Ran 17 ga Oktoba, 1942, a yaƙin tsibirin Guadalcanal, ya yi gaba da gaba da wani jirgin Amurka, aka ji masa mummunan rauni a hannu, jirginsa ya faɗi. Ya ratsa daji da ƙafa har ya kai wani sansanin sojojinsu, daga nan aka kai shi gida jinya. Bai sake shiga faɗan sama ba. Ya koma koyarwa, kuma cikin yaran da suka bi ta hannunsa a ƙarshen yaƙi har da waɗanda aka shirya wa ƙunar baƙin wake, su ɗauki jirgi da bam su faɗa kan jirgin ruwan abokan gaba. Japan ta miƙa wuya ran 15 ga Agusta, 1945, bayan bama-baman nukiliya na Hiroshima da Nagasaki.

Kada ka ce wannan yaƙi bai shafe mu ba. Shi ne dai wanda kakanninmu ke kira yaƙin Boma. Turawan Ingila sun ɗebi dubban samari daga Nijeriya, da Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya, suka haɗa runduna ta 81 da ta 82, aka kai su dazuzzukan Boma suka yaƙi sojojin Japan daga 1943 zuwa 1945. Hausa ce harshen bariki ga da yawansu. Sunayen barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Burma Camp a Akara, duk daga can aka samo su. Harada a teku ya yi nasa yaƙin, amma ɓangaren da mazan jiya namu suka fuskanta, nan yake.

Daga sama zuwa turke

Ya dawo Nagano yana da shekara 29, ga iyali, ga ƙasa ta rushe, ga yunwa. Amurkawa da suka karɓi ikon ƙasar sun rusa rundunar soja baki ɗaya, suka kuma hana tsofaffin hafsoshi riƙe aikin gwamnati. Mutumin da jiya ake yi wa kirari ya wayi gari gwanintarsa ba ta sayen ko mudun shinkafa. Sai ya koma ga ƙasa da dabba: noma, kiwon shanun tatsa, sayar da madara da kayan lambu.

Kiwon can ba irin namu ba ne, bari ka ji bambancin. A Japan ba a tashi da garke, ba burtali, ba tafiya kudu neman ciyawa da rani. Ƙasar duwatsu ce, ɗan filin da ke kwance an mai da shi fadamar shinkafa. Saboda haka saniya a ɗaure take a rumfa, kai za ka yanko ciyawa ka kawo mata, kai za ka kwashe kashi ka kai gona. A Nagano ƙanƙara tana rufe ƙasa watanni a lokacin hunturu. Abin da rani yake yi maka, shi sanyi yake yi musu: wanda bai tara busasshiyar ciyawa ba kamar yadda kake tara harawa da kara, dabbarsa za ta rame.

Shanun da suka fi kiwo don nono su ne Holstein, masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, asalinsu ƙasar Holan da arewacin Jamus. Ba su da tozo. Ka san Bunaji ko Rahaji ko Azawak ba ta sakin nono sosai sai an kawo mata ɗanta ya fara tsotsa. Ita Holstein ana tatsarta ko maraƙi ba ya kusa. Saniyarmu a kiwon gargajiya takan ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana bayan abin da maraƙi ya sha, ita kuwa a yau takan haura lita 20. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Tana cin abinci daidai da abin da take bayarwa, ba ta jure zafi, ba ta jure tafiya, ba ta jure kaska da sammore yadda namu ke jurewa. Kowace da ƙasarta.

A da can Japanawa ba mashaya nono ba ne. Bayan yaƙin ne sana'ar ta bunƙasa, don yara sun rame, aka fara ba su madarar gari ta agaji a makarantu. A 1954 gwamnati ta yi dokar ciyar da 'yan makaranta, a wannan shekarar kuma ta yi dokar bunƙasa kiwon shanun tatsa. Ƙananan manoma da yawa suka riƙa ajiye saniya ɗaya ko biyu a gefen gona. Cikin wannan zamani Harada ya yi nasa kiwon.

Kai ka fi mu sanin abin da tatsa take yi wa mutum. Ba ta san sallah ba, ba ta san zazzaɓi ba, safe da yamma sai an je. Tana ɗaure mutum wuri guda, tana kuma koya masa taushin hannu, don saniya ba ta sakin nono ga mai gaggawa. Mai kallo daga nesa zai ce ai shi ke nan, mutumin ya sami kwanciyar hankali.

Abin da ke zuwa da dare

Ina! Da rana yana aiki, da dare kuwa fuskokin nan suke dawo masa. Ka tuna mun ce a jirgin Zero sai an matsa kusa. Ya ga tsoro a idon samarin da ya harbo, ya ga yadda suke kallonsa jirginsu na ci da wuta. Su yake gani a mafarki, shekara da shekaru. Ya ce a ƙarshe ya gane yaƙi ya mai da shi makashin mutane, alhali ba haka ya so ya zama ba, kuma waɗanda ya kashe ba su taɓa yi masa komai ba, suna da iyaye da 'ya'ya kamarsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san irin wannan hali. Mutumin da ya ga tashin hankali mai tsanani, ko ya aikata shi da hannunsa, abin yakan maƙale masa. Alamunsa sun haɗa da munanan mafarkai, rashin barci, firgita da ƙaramin ƙara, saurin fushi, da gudun duk abin da zai tuna masa. Wani yakan janye daga mutane, wani ya faɗa shan ƙwaya don ya sami barci. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka sa wannan ciwo cikin littafin cututtukansu da sunansa. A zamanin da Harada ke fama, shiru kawai ake yi. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Rauni ne, sai dai ba ya zubar da jini a gani.

Kuma a lura, nauyin da ke kan Harada kashi biyu ne. Akwai tsoron abin da aka yi masa, akwai nadamar abin da ya yi. Sana'a ta ciyar da iyalinsa, ta ba shi dalilin tashi da asuba, amma ba ta sauke masa nadamar ba.

Matarsa ce ta nuna masa hanya. Ta ba shi shawara cewa in yana son ya rama wa rayukan da ya ɗauka, to ya reni sababbin rayuka. Cikin shekarun 1960 suka buɗe gidan renon yara a unguwarsu, don iyaye mata masu fita aiki su sami inda za su bar 'ya'yansu. Bayan 'yan shekaru ya zama makarantar ƙananan yara, Harada ne shugabanta. Ya daɗe a kan wannan aiki, ko bayan ya ajiye shugabanci bai daina zuwa ganin yaran ba. In ka duba, aikin bai yi nisa da na turke ba: abu ne ƙarami mai rai, a ciyar da shi, a kula da shi kullum har ya tsaya da ƙafarsa.

Ranar da ya buɗe baki

Duk wannan lokaci ba ya son maganar yaƙi a bainar jama'a. Abin da ya sauya shi ya faru a 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, da Amurka da ƙawayenta suka kori Iraƙi daga Kuwaiti. Talabijin ta riƙa nuna bama-bamai suna sauka da dare kamar wasan wuta. Harada ya ji matasan ƙasarsa suna cewa abin ya yi kama da wasan kwamfuta. Hankalinsa ya tashi, don shi ya san abin da ke ƙarƙashin kowane haske da suke gani. Yana da shekara 74 ya fara yawo yana ba da labarin abin da ya gani da abin da ya aikata, bai ɓoye nasa laifin ba. Haka ya ci gaba har ya kusa shekara ɗari.

Ya kuma nemi waɗanda ya yaƙa. Ya je Amurka da Ingila ya gana da tsofaffin matuƙan da suka yi musayar wuta da shi. Cikinsu har da Joe Foss, gwanin matuƙan Amurka wanda daga baya ya zama gwamnan jihar Dakota ta Kudu, wanda ake kyautata zaton shi ne ya harbo Harada a 1942. Suka gaisa, suka zauna tare.

Tsarin mulkin da Japan ta yi bayan yaƙi yana da sashe na 9, wanda ya haramta wa ƙasar shiga yaƙi don warware rikici da wata ƙasa. A 2015, lokacin da gwamnatin Shinzo Abe ke sassauta dokokin tura soja waje, Harada yana da shekara 98 yana gargaɗin cewa masu mulkin yanzu an haife su ne bayan yaƙi ko suna yara lokacinsa, ba su san ɗacinsa ba. Wannan tsarin mulki ya fara aiki ran 3 ga Mayu, 1947, kuma Japanawa na hutu a wannan rana kowace shekara. A irin wannan rana dattijon ya cika.

Abin da za ka tafi da shi

To, ɗan'uwa, mu dawo gida. In wani naku ya dawo daga inda aka zubar da jini, ba shi sandar kiwo ko ɗan jari abu ne mai kyau, kuma da shi ake farawa. Amma kada ka ɗauka magana ta ƙare a nan. Harada yana da saniya, yana da gona, yana da mata mai hankali, duk da haka sai da ya yi wajen shekara 20 kafin ya sami aikin da ya rage masa nauyi, ya yi fiye da 40 kafin ya iya magana a fili. Ka lura da barcin wanda ya dawo. In yana firgita, in yana ware kansa, in ya fara neman ƙwaya a kasuwa, a haɗa masa da addu'a da asibiti, don akwai likitocin da wannan ne aikinsu. Ke ma uwargida, ke kika fi kowa sanin abin da ke faruwa da dare, kada ki ɓoye don kunya.

Ba muna cewa a manta da haƙƙin waɗanda aka zalunta ba ne. Wanda aka kashe masa ɗa ko aka kore masa garke yana da haƙƙi, kuma tatsar nono ba ta biyan jini. Shi kansa Harada bai taɓa cewa ya biya ba. Abin da ya yi shi ne ya amsa laifinsa da bakinsa, ya nemi waɗanda ya yaƙa ido da ido, ya kuma ƙarar da sauran ransa yana hana yara bin sawunsa.

Sai kuma yaran da ke zaune a gefenka a kasuwa suna kallon bidiyon masu bindiga a waya suna dariya. Abin da ya tayar da hankalin dattijon nan a 1991 ke nan, sai dai yanzu ya shigo aljihun kowa. In kana da tsoho a ruga ko a unguwa wanda ya ga yaƙi da idonsa, ka zaunar da yaran su ji daga bakinsa tun yana da rai.

Wanda kakansa ya je Boma, kuma yana riƙe da wani abu daga labarin da ya bari, muna so mu ji, ya aiko mana ta hanyar da aka saba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiya da iyali, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun sake saduwa.